Fararen Motoci Biyu a Hanyar Kandi

Kwatano ta ƙasar Benin ce ƙasar waje ta farko da na taka, in dai ba za a lissafa Magarya da Matamai na Nijar ba, waɗanda mu mutanen Daura muke shiga mu fito kamar unguwar maƙwabta. Na isa can shekara guda bayan ƙaddamar da shari'a a jiharmu, ina saurayin magidanci, da lasin a aljihu, da tunanin cewa babu abin da ya rage mini in koya a kan sitiyari. Kafin nan fijo nake ja tsakanin Daura da Kano, kuma a tasha ana yaba hannuna.

Wanda ya kai ni shi ne Sallau, ɗan maƙwabcinmu a Sandamu, kusa da Daura. Katanga ɗaya ce ta raba gidanmu da nasu. Ya girme ni, don haka Yaya nake ce masa, amma a tasha Guguwa ake kiransa saboda gudu. Sana'arsa ita ce ɗauko tsofaffin motocin Turai, waɗanda muke kira Beljiyam, daga bakin ruwa a Kwatano. Sai ya ɗebi direbobi, kowa ya kama mota ɗaya, a jero ta arewacin Benin, a tsallaka Nijar, a bi ta Doso da Maraɗi har a faɗo Daura. Wannan jerin shi ake kira kwamba, shi ne kuma shugabanta. Takardun motocin duka da namu na shaida a jakarsa suke zama. Ya ce don kada mu ɓatar ne, ni kuwa ban kawo komai a raina ba.

A filin da ake tara motocin muke kwana, kowa a cikin motar da aka ba shi. Iskar teku ta sa jikina ya riƙa danƙo, abincinsu kuma ya ƙi zama mini. Wani farin tuwon masara mai tsami suke ci da miyar tumatir, ni kuwa babu abin da nake so kamar furar Inna, mahaifiyata. Na bar ta da matata Rabi a gida, auren ko shekara bai yi ba. Idan kewa ta dame ni sai in hau kan bonet in zauna in yi ta kallon direbobi, domin a filin nan babu ƙasar da ba ta da wakili.

Nan na fara gane cewa tuƙi ma yare ne, kowace ƙasa da nata. Direban Legas da hannu ɗaya yake tuƙi, ɗayan yana waje yana nuna maka laifinka tun kafin ka yi shi, amma zai cusa mota inda kai ba za ka cusa keke ba, ya fito ko ƙwarzane babu. Direban Gana zai tsaya wa mai tafiya a ƙasa ko da babu ɗan sanda a kusa, har ya ɗaga masa hannu ya wuce. Mutumin Nijar ba ya tayar da mota sai ya duba ruwa da baƙin mai, ya zagaya tayoyi yana bugunsu da ƙafa, ya gaisa da kowa, sa'annan ya kama hanya kamar mai rakiyar amarya. Masu babur na Kwatano, da rigunansu masu ruwan ɗorawa, kamar ƙudan zuma suke, su rufe ka gaba da baya, amma da wuya ka ji sun zage ka. Mu kuwa na Daura da Katsina, muna da gaisuwa, muna tsaya wa tsoho, muna rage wa mai jinya hanya ba ko sisi. Sai dai idan muka ga kwana a gaba da babbar mota a gabanmu, bisimilla kawai muke yi mu fita.

Waɗanda suka fi burge ni su ne direbobin tirela na Benin. Idan kana bayan ɗayansu, shi ne idonka. Ya kunna sigina ta hagu, yana gaya maka kada ka fito, akwai abu a gaba. Ya kunna ta dama, hanya ta buɗe, ka wuce. In ka wuce sai ka taɓa hon sau ɗaya, shi ma ya amsa. Na ce wa Sallau wannan abu ya yi kyau. Ya yi dariya, ya ce duk tsoro ne, mutanen da Faransa ta rena ba su san mota ba, lallashinta kawai suke yi. A wurinsa direba ɗaya ne a duniya, wanda ya riga kowa isa.

A tafiyarmu ta uku abin ya faru. Mun baro Paraku da safe, mun kusa Kandi da hantsi. Ni da Sallau fararen motoci muke ja, iri ɗaya, babu lamba, yana gaba ina binsa, sauran sun yi nisa a bayanmu. Muka iso wani ƙauye ranar kasuwarsu. Akwai tirela a gabanmu, ta rage gudu, ta kunna siginar hagu. Na gani, na taka birki. Sallau ma ya gani, domin tana gaban hancinsa. Sai kawai ya fita ya danna totur.

Ban ga bugun ba, ƙararsa na ji. Na ga kwano ya tashi sama, doya ta watse a kwalta. Da na zagayo gaban tirelar sai ga mace kwance a gefen titi, zanenta ya warware, farar motar Sallau kuwa ko fitilar birki ba ta kunna ba, tana ta ƙanƙancewa a hanya. Na tsaya na fito da gudu. Na cire rigata na rufa mata, ina ta salati, ina neman wanda zai kama mini ita.

Mutanen kasuwa suka taso. Abin da suka gani shi ne farar mota marar lamba, da baƙo a tsaye kan 'yar'uwarsu. Ban san wanda ya fara dukana ba. Na dai san na faɗi, ana tattaka ni, wasu kuma sun rufe motar da duwatsu da taɓare, suka farfasa gilashi, suka lotsa gabanta. Da wannan suka shafe shaidar da za ta wanke ni, domin kafin su taɓa ta ko ƙwarzane babu a jikinta.

Direban tirelar ne ya cece ni. Wani ƙaton mutum ne mai furfura, da giciye a wuyansa. Ya ratsa su ya tsaya a kaina, ƙafa ɗaya nan ɗaya can, yana magana da ƙarfi da yarensu har suka ja baya. Ya sa aka ɗora matar a gadon bayan kujerarsa, ya jefa ni ciki ni ma, ya ja tirela da kayanta har asibiti. Kafin mu isa matar ta cika. A hanya ya dube ni ya yi mini Hausa irin ta kasuwar Malambil da ke bakin iyakar Benin da Nijar, ya ce sunansa Biyo, ya ga komai, kada in ji tsoro. Sauran 'yan kwambarmu, daga baya na ji, da suka hango taro sai suka ratsa ta gefe suka bi shugabansu.

Biyo ya faɗa wa jandarma, 'yan sandan ƙasar, gaskiya. Amma shi ɗaya ne, mutanen ƙauyen kuwa da yawa sun rantse motata suka gani. Ga shi ba ni da takarda ko ɗaya, ba ta mota ba, ba tawa ba, duk suna jakar Sallau. Alƙali mai bincike ya ce a ajiye ni a gidan yari har a samo ɗaya direban. Na ba su sunansa da na ubansa da garinmu. Na tabbata a raina cewa Yaya zai dawo, ko ya turo wani. Watan farko, duk lokacin da aka buɗe ƙofa sai in miƙe.

Na yi shekara guda da 'yan watanni a gidan yarin nan. Ba zan tsaya ba da labarin zafi da ƙuma da garin rogo ba, duk wanda ya shiga irin wurin ya sani. Haƙarƙarina biyu da aka karya suka haɗe a karkace, har yau idan sanyi ya shigo sai sun tuna mini. Akwai Dandawa Musulmi, mutanen arewacin Benin, a ciki, su suka ba ni wuri a sahunsu, a bakinsu na tsinci yarensu da ɗan Faransanci. Biyo kuwa duk lokacin da ya biyo da tirela zuwa Yamai sai ya tsaya. Ya kawo mini sabulu da ƙuli-ƙuli, wata rana har da nono a galan, wai ya ji Hausawa ba sa rayuwa sai da shi. Na roƙe shi ya nemi direbobin Daura a bakin iyaka ya ba su saƙo zuwa gida da zuwa wurin Sallau. Ya bayar ba sau ɗaya ba. Amsa ba ta taɓa zuwa ba.

A hankali jiran ya rikiɗe ya zama wani abu. Na daina miƙewa idan an buɗe ƙofa. Idan na kwanta, bayan motar nan nake gani tana ƙanƙancewa. Na riƙa tsara abin da zan yi wa Sallau, in rushe, in sake tsarawa. Wannan tunanin ne ya riƙe ni da rai fiye da garin rogo.

Biyo bai gaji ba. Ya yi ta zirga-zirga har ya samo wata mai sayar da man ja da ta yarda ta faɗa cewa motoci biyu ta gani, ta farko ce ta yi bugun. Ranar da za a sallame ni aka kawo mijin marigayiyar, wani siririn manomin auduga mai suna Oru. 'Ya'ya uku ta bar masa. Ya dube ni ya yi magana, Biyo ya fassara. Ya ce yana cikin waɗanda suka dake ni, kuma ya ga rigata a jikin matarsa lokacin da aka kawo gawar. Bai ce in yafe masa ba. Ya dai ce shari'ar ba ta mutu ba, sunan wanda ya yi bugun yana wurin alƙali, kuma shi yana nan a ƙauyensu ba ya zuwa ko'ina.

Ban wuce gida kai tsaye ba, domin ko tsayuwar kirki ba na iya yi. Biyo ya ɗauke ni a tirelarsa, muka yi 'yan watanni tsakanin Kwatano da Yamai. A wurinsa na sake koyon tuƙi daga farko. Yakan rage gudu tun kafin ya ga ƙauye, da zarar ya ga kashin awaki a kwalta. In mota ta lalace wa wani a daji sai ya tsaya, ko bai san shi ba, ya taya shi karyo ganye a jera a titi don na baya. A Nijar na ga yadda direba zai sauka daga kwalta gaba ɗaya saboda amalanken shanu, ya jira ba tare da ya taɓa hon ba. Na koyi haƙurin nan duka, amma ba don abin da Biyo yake zato ba. Ya sha ce mini in bar wa Allah. Nakan ce to.

Da rani na shigo Sandamu. Na tarar da ɗakin Inna a rufe da kwaɗo. Ta rasu tun da damina. Rabi kuma iyayenta sun kai ƙara an raba auren, har ta yi wani auren a wajen Mai'aduwa. Mutane suka zo mini gaisuwa, amma kowa idonsa a ƙasa, ana amsa mini magana a gajarce. Na rasa dalili, sai da na shiga Daura wurin Cidi, wani ɗan Ibo mai sayar da kayan gyaran mota da muka saba tun ina jan fijo. Shi ya ja ni bayan shago ya gaya mini abin da kowa ke jin nauyin faɗa. Sallau ya dawo ya ce na koyi shan barasa a Kwatano, a buge na kashe matar mutane, shi kuma ya yi iyakar ƙoƙarinsa ya kasa fitar da ni. A lokacin nan da aka rufe gidajen barasa, ake yi wa mashaya bulala a bainar jama'a, babu sunan da ya fi wannan muni. Cidi ya ce shi bai yarda ba, domin ko lemo na sha a shagonsa sai na duba kwalbar. Amma Inna ta ji, kuma tun daga ranar ta daina fita ko biki ko suna. Da wannan labarin ta kwanta, da shi aka binne ta.

Na je wurin wani malami da ya san shari'a na kwashe komai na faɗa masa. Ya saurare ni da kyau, ya ce haɗarin a wata ƙasa ya faru, alƙalinmu ba shi da iko a kai. Ɓata suna kuwa sai da shaidu. Na bi 'yan kwambar nan ɗaya bayan ɗaya, duk suka noƙe, domin a ƙarƙashin Sallau suke ci. Shi kuwa ya yi gida mai bene a Daura, ya je Makka, ya shimfiɗa darduma a masallacin unguwarsu. Akwai ranar da na zauna a bakin tasha da sifanar taya a cikin riga tun safe har la'asar ina jiran ya fito. Da ya fito sai na ga abin ya yi masa sauƙi da yawa. Bugu ɗaya ne, ya huta, ni kuma in tabbatar wa mutane abin da ya faɗa a kaina.

Bayan kwana biyu ya zo har gida da babbar riga da turare. Ya zauna a tabarma ya yi mini gaisuwar Inna, har da share ido. Ya ce wallahi shi ya ɗauka akuya ya buge, sai da ya tsallaka Nijar ya isa Gaya ya ji labari, kuma maganar barasa mutane ne suka ƙara gishiri. Ya ce in zo in ci gaba da aiki, zai sa ni gaban kwamba tun da yanzu ina jin yaren mutanen Benin.

Na ce, "Ba komai, Yaya. Abin da Allah ya rubuta ne."

Ya yi ajiyar zuciya, ya dafa kafaɗata. A daidai haƙarƙarin da ya karye hannunsa ya sauka.

Na yi masa aiki kamar bawa. Ban taɓa kawo mota da ƙwarzane ba, ban taɓa tayar da tsohon zance ba. Na lura da abu ɗaya: tun ranar nan bai sake bin hanyar arewacin Benin ba. Ta Legas yake shiga Kwatano, ya sayi motoci, ya sallame mu, ya koma ta Legas. Na gane cewa ya san sarai ba akuya ba ce. Na ci gaba da jira. Duk tafiya ina ratsa ƙauyen nan a hankali, wani lokaci in hango Oru a gindin mangwaro, mu ɗaga wa juna hannu.

Da tsakiyar damina muna Kwatano sai aka wayi gari gwamnatinmu ta rufe iyakar Legas, ba shiga ba fita, ba a kuma san ranar buɗewa ba. A ranar ne aka bugo wa Sallau waya cewa matarsa ta haihu, namiji, na farko bayan 'ya'ya mata. Ya yi ta safa da marwa a filin motoci. Ya nemi jirgi bai samu ba. Daga ƙarshe ya kira ni gefe ya ce dole ya halarci sunan nan, ta arewa za mu bi, ni da shi a mota ɗaya, sauran su biyo daga baya. Ni zan tuƙa, shi zai kwanta a kujera kamar marar lafiya, takardu kuma ni zan riƙa miƙawa a shinge. Ya miƙo mini jakar da hannunsa.

Na ce zan je in sayo ruwa. Na shiga shagon waya na kira Biyo. Na gaya masa shirina, ya kafa mini sharaɗi: ba za a zubar da jini ba, kuma sai jandarma sun sani tun kafin mu iso. Na ce na yarda. Na roƙe shi abu ɗaya, jandarman su tsaya inda ba za a gan su daga titi ba.

Ban taɓa tuƙi mai daɗi irin na ranar ba. Na tsaya wa kowane mai tsallaka titi. Na bi bayan kowace tirela har sai ta ba ni siginar dama. Sallau ya yi ta tsaki, yana cewa zaman gidan yari ya mai da ni Bafaranshe. Bayan Paraku ya daina magana. Ya kwantar da kujera, ya jawo hula ya rufe fuska, ya ce idan mun kusa wurin in taka, kada in tsaya ko waye ya tare ni. Na ce to, Yaya.

Ba ranar kasuwa ba ce, amma akwai mutane a gindin mangwaro fiye da yadda aka saba. Na kunna sigina, na sauka daga kwalta, na tsaya daidai inda kwanon doya ya faɗi. Na kashe mota na zare makulli.

Ya ɗaga hula ya duba waje. Na ga lokacin da ya gane wurin.

"Lawal, mene ne haka? Tayar da mota."

"Akuyar da ka buge ce masu ita suke son ganinka."

Ya kai hannu zai ƙwace makullin, na riga shi fita. Ya danna makullan ƙofofi duka, ya ɗaga gilashi. Mutanen suka taso a hankali, maza da mata, suka kewaye motar. Ni na san akwai jandarma a bayan rumfunan kasuwa, shi bai sani ba, ban kuwa gaya masa ba. Na jingina da bishiya ina kallonsa ta gilashi. Yana kiran sunana, yana haɗa ni da Allah da Annabi, da darajar maƙwabtaka, da jaririn da ko ganinsa bai yi ba. Da ya ambaci Inna sai na juya masa baya. Ban san tsawon lokacin da aka ɗauka ba, na dai san ban so ya ƙare ba.

Oru ne ya matsa ya ƙwanƙwasa gilashin da yatsa. Biyo yana gefensa. Sallau ya sauke shi kaɗan. Oru ya tambaye shi, Biyo ya fassara, ko ya san sunan matar da ya kashe. Sallau ya girgiza kai. Oru ya ce sunanta Nyon. Ya sa shi ya maimaita, ya kuma maimaitawa, har sai da ya faɗe shi daidai. Sa'annan ya ja da baya, jandarma suka fito. Suka fitar da Sallau daga motar, suka riƙe shi. Na buɗe jakar na zaro takardunsa na miƙa musu, don kada a ce ba a san ko wane ne ba. Na ba da bayanina a ofishinsu, mai man ja ma ta zo ta ba da nata.

Biyo ya raka ni har mota. Ya tambaye ni ko yanzu zuciyata ta yi sanyi. Na ce masa ta fara.

Ni kaɗai na ƙarasa tafiyar. Na tsallaka gada a Malambil, na bi Doso da Ƙonni da Maraɗi, gero ya yi kore shar dama da hagu. Na shigo Daura da safiyar ranar suna. An kafa rumfa a ƙofar gidan bene, an riga an raɗa suna, an yanka raguna, ana rabon goro. 'Yan tasha duk suna nan, da mutanen Sandamu, da waɗanda suka sunkuyar da kai ranar da suka zo mini gaisuwa. Da suka ga motar sai maroƙa suka taso suna kirarin Guguwa. Na fito ni kaɗai.

Mahaifinsa, Baba Ilu, yana zaune a kan darduma a tsakiyar dattawa. Mutumin kirki ne, shi ya yi wa Inna salla. Na cire takalmi na durƙusa a gabansa na ajiye makulli da jakar. Ya tambaye ni ina Sallau. Ban rage murya ba. Na faɗi komai tun daga siginar tirela har zuwa gindin mangwaro, na faɗi sunan matar da yawan 'ya'yanta, na faɗi abin da aka gaya wa Inna. Na juya wurin 'yan kwambar da suke tare da mu a ranar, na ce duk wanda ya san ƙarya nake yi ya tashi ya faɗa a gaban iyayenmu. Babu wanda ya motsa. Daga cikin gida aka fara jin kuka.

Tsohon ya daɗe yana jan carbi. Can ya ɗago ya dube ni.

"Lawal, da hannunka ka kai shi?"

"Da hannuna, Baba."

"Sun taɓa lafiyarsa?"

"Ko yatsa ba a ɗora masa ba. Ni ne aka karya a wurin, ba shi ba."

Ya gyaɗa kai, ya ce in tashi in tafi, kada in ƙara taka ƙofarsa, amma bai ce na yi ƙarya ba. Na ɗauki takalmina na ratsa taron, aka buɗe mini hanya.

An yanke wa Sallau shekaru, ya yi su, ya dawo da furfura da tari. Motocin sun watse, benen ma an sayar. Har yau akwai masu cewa na ci amanar maƙwabtaka, na kai ɗan'uwa Musulmi hannun baƙi, akwai kuma waɗanda ba sa amsa sallamata. Bara ya aiko limamin unguwarmu da dattawa biyu, wai jikinsa ya yi tsanani, yana neman in yafe masa. Na shimfiɗa musu tabarma, na kawo musu ruwa, na saurare su har suka gama. Na ce su gaya masa haƙarƙarina da aurena da shekarata, waɗannan nawa ne, zan yi tunani a kansu. Na Inna kuwa ba ni da ikon yafe shi. Ya san inda take kwance, kuma shi ma hanyar can ya nufa, sai ya tambaye ta da kansa.